Akhtar Hameed Khan: jami'in da ya koyi aikin raya karkara sau biyu

Idan aka tashi yabon jami'in gwamnati da ya yi aikin raya karkara, abin da ya raba aka fi lissafawa: rijiya nawa, buhun taki nawa, rance nawa, hanya kilomita nawa. Lissafin ba shi da wuya, kuma shi ake dubawa ranar ƙarin girma. Sai dai bai cika amsa tambayar da ta fi damun mutanen ƙauye ba, wato me zai ci gaba da aiki bayan an ɗauke jami'in, kuɗin shirin kuma ya ƙare. A ganina babu wanda rayuwar aikinsa ta bi wannan tambaya har gindinta kamar Akhtar Hameed Khan, wanda aka haifa a Agra ta ƙasar Indiya a 1914, ya rasu a 1999. Sau biyu yana gina shirin da duniya ta yi ta tururuwar zuwa gani, na farko a Kumilla cikin ƙasar da yau ake kira Bangladesh, na biyu a unguwar Orangi ta birnin Karachi a Pakistan. Wanda ya ɗora su gefe da gefe zai ga cewa na biyun gyaran kurakuran na farkon ne.

Daga sama ya faro. A 1936 ya samu shiga rukunin manyan ma'aikatan mulki na Indiya, rukunin da Turawan Ingila ke ji da shi, domin mutum dubu da 'yan kai ne ke juya ƙasa mai jama'a sama da miliyan ɗari uku. Bayan horon shekara biyu a Kambirij aka tura shi Bengal, inda aikinsa ya haɗa da karɓar harajin gona da yanke shari'a. Yana can yunwar 1943 ta afka wa yankin. Yaƙin Duniya na Biyu ya toshe shinkafar da ake shigowa da ita daga Bama, hukumomin mulkin mallaka sun kwashe kwale-kwalen mutanen gaɓar teku don kada su faɗa hannun sojojin Japan, farashi ya yi tashin gwauron zabi, masu hali suka ɓoye hatsi. Mutum wajen miliyan uku suka mutu. Ya ga gwamnatin da hannunta ke kaiwa kowane ƙauye lokacin haraji ta kasa kaiwa lokacin yunwa. A 1945 ya ajiye aiki, ya shafe shekara biyu yana leburanci da ƙera makullai a wani ƙauye kusa da Aligarh.

Masu ba da tarihinsa suna son daɗewa a wannan gaɓa, don labarin yana da daɗin ji: babban jami'i ya tuɓe rigar mulki ya zauna cikin talakawa. Ni kuwa abin da bai tuɓe ba ya fi jan hankalina. Har ƙarshen rayuwarsa tunanin jami'in mulki gare shi. Yana son littafin lissafi da taswira da rahoto a kan kari, yana son a san wane ofis ke da alhakin wane aiki. Duk shirin da ya kafa, a kan waɗannan ya ɗora shi. Abin da ya guda shi ne irin mulkin da ake ba da umarni daga nesa ba a san ƙasa ba.

Ya koyar a Jamia Millia ta Delhi, ya ƙaura zuwa Pakistan a 1950, aka ba shi shugabancin Kwalejin Victoria da ke Kumilla, wadda a lokacin take cikin Pakistan ta Gabas, wato Bangladesh ta yau. A tsakanin 1954 da 1955 aka are shi ya jagoranci wani ɓangare na shirin raya ƙauyuka da Pakistan ta ƙaddamar a 1953 da tallafin Amurka, shekara guda bayan Indiya ta fara irin nata. Tsarin shirye-shiryen biyu kusan ɗaya ne. A horar da saurayi mai ɗan ilimi, a ba shi albashi, a tura shi ƙauyuka ya koyar da noma da tsafta da kiwo da haɗin kai, duk shi kaɗai. Matsalar kuwa saurayin baƙo ne, sau da yawa bai taɓa riƙe fartanya ba, kuma idonsa na kan wanda ke sa hannu a takardar albashinsa. Kwamitin Balwantrai Mehta da ya binciki shirin Indiya a 1957 ya tarar jama'a ba su ɗauki shirin nasu ba. Na Pakistan kuwa a 1961 aka rufe shi.

Khan ya fita daga wannan aiki da darasi guda, kuma da shi ya buɗe Cibiyar Raya Karkara ta Kumilla a 1959, da taimakon Gidauniyar Ford da Jami'ar Jihar Mishigan. Maimakon a tura baƙo ƙauye, ƙauyen ya zaɓi nasa mutum ya turo shi wurin koyo. Gwamnati ta ba cibiyar yankin Kotwali, mai faɗin kimanin murabba'in mil ɗari, ya zama filin gwaji. Ma'aikatan cibiyar suka fara da yawo suna sauraro, sai manoma suka karkatar da su daga abin da suka zo da shi. Ina amfanin iri mai kyau a gonar da ambaliya ke shanyewa da damina, rani kuma ta bushe ƙayau? Ina amfanin amfanin gona mai yawa idan babu hanyar kai shi kasuwa? Daga nan aka fitar da shirin ayyukan karkara: yashe magudanan ruwa, ɗaga jinga a bakin kogi, yin hanyoyi da kwalbatoci. Kwamitocin ƙauye ke tsara aikin su kula da shi, a ɗauki marasa gona aikin ƙwadago da rani, lokacin da ba su da abin yi. Sai shirin ban ruwa ya biyo baya, da injinan jawo ruwa daga kogi da rijiyoyin burtsatse, wanda ya ba da damar noman shinkafar rani.

Abin da ya fi zama sabo shi ne yadda aka juya ma'aikatan gwamnati kansu. Jami'in gona, na dabbobi, na kifi, na lafiya, na ƙungiyoyi, da kowa yana ofishinsa yana aika rahoto ga ma'aikatarsa a birni. Sai aka tara su a haraba guda, aka mai da su malamai. Kowane mako manajan ƙungiyar ƙauye da manomin da ƙauyen ya zaɓa ya zama abin koyi za su taho wannan haraba. Manajan zai zo da ajiyar da membobi suka zuba a makon, ya miƙa, a rubuta a littafi, a ba shi rasit. Manomin zai zauna a aji a nuna masa yadda ake dashen shinkafa a layi ko yadda ake auna taki. Idan injin ban ruwa ya lalace, ga makaniki nan a harabar. Idan jami'in gona ya yi alkawarin iri bai kawo ba, mako mai zuwa zai haɗa ido da mutanen da ya yi wa alkawarin. Da yamma kowa ya koma ƙauyensa, a taron mako na ƙungiya ya maimaita abin da ya koyo a gaban kowa, a karanta lissafi a gaban kowa.

Ƙungiyoyin gama kai ba baƙi ba ne a yankin, tun 1904 akwai dokarsu, kuma yawancinsu sun mutu ne saboda ƙaramar ƙungiyar ƙauye ba ta iya riƙe littafi, ba ta iya ja da mai ba da bashi da ruwa. Shi ya sa a Kumilla aka yi musu hawa biyu. A ƙasa ƙungiyar ƙauye, a sama babbar ƙungiya ta yanki mai aikin banki, mai taraktocin haya da wurin gyara da masu binciken lissafi. Sharaɗin rance shi ne ajiya ta kowane mako da halartar taro, kuma ƙungiya ce ke ɗaukar nauyin bashin ɗanta. Akwai misalin da har yau ake bugawa: a 1960 wani mai shayi, Mohammad Yeasin, ya haɗu da masu tuƙa keken haya takwas, kowa yana ajiye ana ɗaya a rana, wato kashi ɗaya cikin goma sha shida na rupi, kuɗin kofin shayi ke nan. Ƙungiyar tasu, Deedar, ta girma har ta mallaki kekuna da motoci da masana'antar bulo, kuma Yeasin ya samu lambar yabo ta Ramon Magsaysay a 1988. Shi Khan tun 1963 aka ba shi ita.

To, ina gizo ya yi saƙa? A wuri biyu. Na farko siyasa. Tun daga farkon shekarun 1960 gwamnatin shugaban Pakistan Ayub Khan ta baza shirin ayyukan karkara a duk Pakistan ta Gabas, da kuɗin da aka samu daga sayar da abincin agajin Amurka. Kuɗin yana bi ta hannun ƙananan majalisun da Ayub ya ƙirƙira, kuma 'yan waɗannan majalisu, su 80,000 a faɗin ƙasa, su ne masu zaɓen shugaban ƙasa. Ba sai an yi dogon bayani ba. An yi hanyoyi da magudanai na gaske, amma kuɗin hanya ya zama kuma kuɗin riƙe masu jefa ƙuri'a, musamman gab da zaɓen 1965.

Na biyu ya fi zurfi, don a cikin tsarin kansa yake. Kayan da ƙungiyoyin ke rabawa, wato rance mai sauƙin ruwa da injin ban ruwa da taki mai rangwame, duk na mai gona ne. Wanda ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa ba abin da zai yi da injin ban ruwa, kuma irin waɗannan mutane suna da yawa ƙwarai a Bengal. Manyan manoma da farko sun yi wa ƙungiyoyin kallon hadarin kaji. Da sabon irin shinkafa mai yawan yabanya ya iso bayan 1966, noman rani ya fara kawo kuɗi, sai suka shigo, suka karɓi kujerun manaja da na shugabanci, suka kwashi rance mafi tsoka. Binciken da aka yi daga baya ya nuna su ne kuma kan gaba wajen ƙin biya, don sun san ba mai iya taɓa su. Aka koma zaman kashin dankali, babba a kan ƙarami, a cikin ƙungiyar da aka kafa don ƙaramin. Da aka mai da tsarin shirin ƙasa baki ɗaya a farkon shekarun 1970, wanda ya zama Hukumar Raya Karkara ta Bangladesh a 1982, abin ya ƙara lalacewa. An ba jami'ai adadin ƙungiyoyin da za su yi wa rajista, su kuma suka cika adadin. Taron mako da ajiyar mako da binciken littafi, waɗanda su ne ƙashin bayan abin, ba sa shiga rahoton adadi, don haka su aka fara yarwa.

Bai kamata a ce Kumilla ta tashi a banza ba. Sashen injiniyoyin ƙananan hukumomi na Bangladesh, wanda ya shimfiɗa yawancin hanyoyin karkarar ƙasar, daga shirin ayyukan nan ya samo asali. Ƙungiyar BRAC da aka kafa a 1972 da shirin Grameen da Muhammad Yunus ya fara a 1976 sun riƙe taron mako da ajiyar mako, suka kuma toshe ƙofar da aka bari a buɗe: mai gona da yawa ba ya shiga. Amma shi mai shirin ya ga abin da ya gina yana sauya kama a hannun wasu, kuma bai ɓoye hakan ba.

Bayan ɓallewar Bangladesh a 1971 ya koma Pakistan ta Yamma, daga baya ya koyar a Mishigan daga 1973 zuwa 1979. A 1980, yana da shekara 65, ya sake farawa daga tushe, da kuɗi kaɗan daga gidauniyar bankin BCCI na Agha Hasan Abedi. Ya nemi kada a ɗora masa adadin da zai cika ko wa'adin da zai gama. Wurin da ya zaɓa ba ƙauye ba ne, amma yawancin mutanensa daga ƙauye ko gudun hijira suka fito, har da waɗanda rikicin 1971 ya koro daga gabas. Orangi unguwar awon igiya ce a arewa maso yammacin Karachi, dillalai suka yanka filin gwamnati suka sayar, mutane ɗaruruwan dubbai suka gina gidajensu da bulon da masu buga bulo ke ba su bashi. Watanni ya yi yana zaga lunguna yana hira da maginai da dillalai da kansiloli da matan gida kafin ya ce ga abin da za a yi.

Abin da ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya shi ne ƙazanta. Wasu gidaje masai na bokiti gare su da ake kwashewa a zubar, wasu rami, ruwan wanka da na wanki kuma yana kwance a tsakiyar lungu. Yara na fama da gudawa da taifot, danshi yana cin gindin katanga. Mutane na jiran hukuma, hukuma na cewa unguwar ba ta bisa doka, kuma ko da tana bisa doka babu kuɗin shimfiɗa mata bututu sai an ciwo bashi daga waje. Khan ya yi tambayar da jami'in da ya san cikin ofis ne kawai zai yi: me ya sa aikin yake da tsada haka? Da aka warware farashin hukuma, sai ga ribar ɗan kwangila, ga kason masu sa hannu, ga ma'aunin gini da aka kwafo daga biranen Turai wanda lungu mai faɗin taku kaɗan ba ya buƙata. Injiniyoyi da masu zanen gini, cikinsu har da Arif Hasan, suka sauƙaƙa zanen. Aka rage zurfin rami inda mota mai nauyi ba ta bi, aka ƙera mazubin ƙarfe da za a zuba kankaren ramin duba bututu a wurin, aka sa ɗan ƙaramin sokawe tsakanin masai da bututu don ya tare abin da zai toshe shi. Kuɗin ya faɗo zuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar na farashin hukuma, a wasu lissafin ma ƙasa da haka, wajen rupi dubu ɗaya kowane gida a shekarun farko.

Ga inda darasin Kumilla ya fito fili. Bai kafa babbar ƙungiya ba. Lungu ɗaya ya ɗauka, gida ashirin zuwa arba'in, mutanen da suka san juna, waɗanda ƙazanta ɗaya ke kwance a ƙofarsu. Mai wayar da kai zai zo ya yi musu bayani. In sun amince, su zaɓi manajan lungu a cikinsu, su rubuta takardar neman taimako. Ma'aikacin shirin zai zo da na'urar auna gangara, ya zana taswirar lungun, ya rubuta musu bututu nawa, siminti buhu nawa, ladan magini nawa. Manajan ya bi gida gida ya tara kuɗin, kuma sau da yawa mata ne ke fitar da shi daga abin da suka ɓoye, su ne kuma ke matsa wa mazan da ke jan ƙafa. Shirin zai ara musu kayan aiki da mazubi, ya duba aikin. Amma ko rupi ɗaya na mutanen lungu ba ya bi ta hannunsa, kuma ba ya ba su ko rupi ɗaya na ginin. Tun da babu rance mai rangwame, babu injin da za a raba, babu abin da mai ƙarfi zai shigo ya kwashe. Wanda ya haƙa rami da hannunsa ya biya bututu da kuɗinsa kuma, in ya toshe ba ya jiran kowa.

Lungunan farko sun ɗauki lokaci, wasu ma an yi kuskuren gini sai da aka sake. Amma gani ya kori ji. Da maƙwabta suka ga lungun da ya bushe, suka ji nawa aka kashe, sai takardun neman taimako suka yi ta shigowa. A ƙarshe sama da kashi 90 cikin 100 na lungunan Orangi sun shimfiɗa bututunsu, gidaje fiye da 100,000, da kuɗin aljihunsu. Rance ya zo daga baya, a 1987, ga masu ƙananan sana'o'i na cikin gida, kuma da ruwa irin na banki, ba rangwame.

Wasu suna karanta wannan labari su ce ashe gwamnati ba ta da amfani, a bar wa jama'a da ƙungiyoyi komai. Ban yarda da wannan karatu ba, kuma tsarin Orangi kansa ya ƙaryata shi. Khan raba aikin ya yi gida biyu. Na ciki, wato masai da bututun lungu da ƙaramin bututun da ke tattara na lunguna, na jama'a ne. Na waje, wato manyan bututu da matatar ruwan ƙazanta, na gwamnati ne, don babu lungun da zai iya su. Wannan rabo shi ne ainihin abin da ya ƙirƙira, kuma tunani ne na mai mulki: a gano iyakar abin da kowane mataki zai iya, a ɗora masa shi, a hana shi ɗaukar na wani. Da hujjar wannan rabo da taswirorin da matasan unguwa suka zana aka nuna cewa za a iya gyara magudanan da ke akwai da kuɗi kaɗan, har gwamnatin lardin Sindh ta soke rancen dala miliyan 70 na Bankin Raya Asiya don aikin ruwan ƙazanta na Korangi, wata unguwar Karachi, a 1999. A 2006 manufar tsafta ta ƙasar Pakistan ta karɓi wannan rabon aiki.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba game da irin wannan rayuwar aiki, wato daɗewa a wuri ɗaya. Shekara 12 ya yi yana jagorantar cibiyar Kumilla, bayan shekarun da ya riga ya yi a garin yana shugaban kwaleji. Orangi kuma shekara 19, har rasuwarsa. Ba shi kaɗai ba ne. Verghese Kurien, wanda gwamnatin Indiya ta tura garin Anand a 1949 don ya biya bashin karatun da ta ɗauki nauyi, can ya zauna ya gina ƙungiyar masu madara ta Amul, ya kuma shugabanci hukumar raya kiwon madara ta ƙasa daga 1965 zuwa 1998. Shoaib Sultan Khan, wanda ya haɗu da Akhtar Hameed Khan a 1959 yana ƙaramin jami'in mulki, ya shafe sama da shekara goma a Gilgit yana gina shirin tallafa wa karkara na Aga Khan da ya fara a 1982. A aikin gwamnati na yau da kullum kuwa, shekara biyu ko uku ake yi a canja wa mutum wuri. Shekarar farko yana koyon sunayen ƙauyuka, ta biyu yana fara gane wa ke faɗa masa gaskiya, ta uku takardar canji ta iso. Ga kuma kasafi da dole a kashe kafin shekara ta ƙare, in ba haka ba a ce jami'in ya gaza. Mutumin da ke cikin wannan hali ba zai iya yin wata shida yana sauraro ba, ko da yana so. Abin da zai iya shi ne rabo, don rabo ne ke shiga rahoto kafin a ɗauke shi.

Wannan ya sa nake ganin akwai rauni a tarihin mutanen nan uku da bai kamata yabo ya rufe ba. Kowannensu sai da ya sami inuwar wani babba kafin ya iya aiki yadda yake so. Khan ya samu ta Ayub da Gidauniyar Ford a Kumilla, ta Abedi a Orangi. Kurien ya samu ta Tribhuvandas Patel, shugaban ƙungiyar masu madarar Anand, sannan ta Firaminista Lal Bahadur Shastri. Inda inuwar ta gushe, aiki ya tsaya: gwajin da Shoaib Sultan Khan ya fara a Daudzai kusa da Peshawar, a cikin tsarin gwamnati, tare da shawarar Akhtar Hameed Khan, an dakatar da shi a tsakiyar shekarun 1970 da masu iko suka fara zarginsa. Ma'ana, ma'aikatar gwamnati ta horar da su, ta ba su sanin makamar aiki, amma ba ta da kujerar da za su zauna su yi amfani da sanin. Sai sun sa ƙafa ɗaya a waje. Ƙasa kuwa ba za ta jira a yi dace da mutum na musamman da ubangida na musamman a kowace gunduma ba.

Tsarin Orangi ma yana da masu suka, kuma sukar tana da haƙora. Unguwannin masu kuɗi na Karachi da kuɗin jama'a aka yi musu bututu, to don me talaka zai biya nasa daga abin da zai ci? Amsar Khan ita ce jira ya fi tsada, don kuɗin magani da rushewar katanga sun fi rupi dubu, kuma mutanen da suka yi nasu rabon sun fi ƙarfin murya in sun je neman na gwamnati. Amsar ta gamsar da ni a matsayin dabara, ba ta goge rashin adalcin ba. Sannan ƙasar Orangi mai gangara ce, ruwa yana bin kwazazzabai da kansa, abin da ba kowane gari ke da shi ba. A wuraren da aka kwaikwayi tsarin, ya fi kamawa inda aka sami mutanen gari da suka tsaya masa shekara da shekaru.

Taswira kuma ba abu ne marar haɗari ba. Perween Rahman, mai zanen gini da ta shiga shirin a farkon shekarun 1980 ta kuma gaji jagorancin sashen bincike da horarwa, ta faɗaɗa aikin zuwa rubuta tsoffin ƙauyukan gefen Karachi da masu ƙwacen fili ke haɗiyewa, da wuraren da ake satar ruwan famfo ana sayar wa talakawa a tanka. Ranar 13 ga Maris, 2013 aka harbe ta a hanyarta ta komawa gida daga ofis.

Rabon gwamnati kuma har yanzu da saura. Mafi yawan ruwan ƙazantar Karachi yana bin kogunan Lyari da Malir ya faɗa Tekun Larabawa ba a tace shi ba, har da wanda ke fitowa daga bututun da mutanen Orangi suka shimfiɗa. Bayan ambaliyar 2020, Kotun Ƙoli ta ba da umarnin faɗaɗa kwazazzaban Orangi da Gujjar, kuma a 2021 aka rushe dubban gidaje a bakinsu, iyalai da yawa suka daɗe suna bin diyya da matsugunin da aka yi musu alkawari.